Tukunyar da Malam Ya Binne

Ni mai walda ne a Nguru. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na kai ƙarshenta, don haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda zan jera maganar. Abin da nake so in rubuta shi ne yadda na ɓata sunan wani bawan Allah a Gashua, har mutanen unguwarsu suka daina binsa salla, duk a kan wasan badminton. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kuskure kawai na yi. Akwai kuskure a ciki, gaskiya ne, amma akwai mugunta, kuma daga cikina ta fito.

Muna wasa ne a wani tsohon sito kusa da tashar jirgin ƙasa, inda a da ake tara gyaɗa. Badminton ba ya son iska ko kaɗan, shi ya sa muka nemi wuri mai bango da rufi. Ni na haɗa ƙarafan da muke ɗaura raga, ni na ja layukan da fenti. Wanda ya koya mana wasan wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgi, kowa Baba yake ce masa. Gwiwa ta hana shi gudu, sai dai ya zauna a benci yana yi mana tsawa. Abin da ake bugawa ɗan dunƙule ne mara nauyi da aka kafa wa gashin tsuntsu a zagaye. Shatil muke ce masa, daga Kano ake sayo shi a cikin dogon kwali. A zafinmu na bazara gashin bushewa yake yi. Ka buga kaɗan sai ya kakkarye, shatil ɗin ya soma layi a sama, ba ka san inda zai sauka ba.

Mutanen Gashua su ma suna da tasu ƙungiyar, a ɗakin taro na wata makaranta suke bugawa. Tun kafin in shiga wasan akwai al'ada tsakaninmu: wannan watan mu je, wata mai zuwa su zo, kullum ranar Asabar. Mai masauki shi ke da abinci, shi ke da shatil. Baƙo ba ya zuwa da nasa kwalin, don hakan cin fuska ne, kamar a kira ka cin tuwo ka taho da kwanonka a hammata. Mukan yi musu burabusko, su kuma su cika mu da kifi. Muna ce musu mutanen ruwa, suna ce mana 'yan tasha.

Gwaninsu wani malamin firamare ne, siriri, bahago, ba mai yawan magana ba. Shi ne kuma na'ibin liman a masallacin unguwarsu. In liman ya yi tafiya ko jiki ya ƙi, shi ke jan salla. Ina ce masa Malam, shi kuma yana ce mini Maƙeri. Ni ne gwanin Nguru, don haka duk haɗuwa mu biyu ake jira a ƙarshe. Ƙarfina a hannu yake. In shatil ya tashi sama, sara nake kai masa kamar ina dukan ƙarfe a maƙera. Shi kuwa ba ya sara. Mayarwa kawai yake yi, dama, hagu, gaban raga, bayan fili, har numfashinka ya ƙare ka jefa da kanka a raga.

In an ɗauke wuta a shago, nakan zauna a inuwa in kalli manyan gasa na duniya a waya. Akwai wasu zakaru biyu da nake bibiya, ba zan kama sunansu ba. Sun daɗe suna karawa, yau a wannan ƙasa gobe a waccan. Ɗaya mai zafin hannu ne irina, ɗayan mai haƙuri ne irin Malam. Sai muka raba su tsakaninmu. In nawa ya ci, in tura wa Malam bidiyon in ce ya gaishe da mutuminsa. In nasa ya ci, ba ya rubuta komai, bidiyon kawai zai turo, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Malam yadda ake taka ƙafa a fili yake koyo a waɗannan bidiyoyin. Ni wani abu daban na koya. Na lura yadda zakara kan ɗauki shatil ya juya shi, ya nuna wa alƙalin wasa yana so a canza, abokin karawarsa ya girgiza kai ya ƙi. Na ga yadda suke hararar juna ta saman raga. Turancin masu sharhi ba na gane rabinsa, sai na cike sauran da abin da ke raina. Na ce ashe ko a can, inda ake da fitilu da kyamarori, ba wanda ya yarda da wani, kuma duk wanda ya ci akwai abin da ya ɓoye.

Abin da ya fara damuna shi ne lissafi mai sauƙi. A Nguru nakan ci Malam, shi ma yakan ci ni. A Gashua ban taɓa cinsa ba ko sau ɗaya. Sai na soma sa ido. Shatil ɗinsa in ka riƙe, sanyi za ka ji a yatsunka, alhali rana na neman narka kwano. Yana da wani ƙanshi kamar na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Guda ɗaya sai ya kai mu ƙarshen wasa gashinsa na nan tsaye, ga shi yana tafiya sak inda Malam ya aike shi. Sannan ba a kwali yake kawo su ba, a naɗe suke zuwa cikin wani baƙin ƙyalle. Kafin ya yi bugun farko kuma, leɓensa na motsi.

Wata rana muna shan ruwa na tambaye shi a gaban mutane.

"Malam, wai a ina kake sayo shatil ɗinka?"

"Inda kake sayo naka mana. Kanti ɗaya, kwali ɗaya."

"To me ya sa naka ba ya mutuwa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kula da shi nake yi, Maƙeri. Kai ka saba da ƙarfe, komai ka samu sai ka ba shi wuta."

Aka kwashe da dariya, har da mutanenmu. Da na sake tambaya da ladabi, na tabbata da ya gaya mini. Girman kai ya hana. Na ɗauki murmushin nan na tafi da shi gida, ina ta juya shi a raina, ina cewa mutumin da ba shi da abin ɓoyewa ba ya amsa tambaya da ba'a.

Zuwanmu na gaba mun isa Gashua da wuri, aka sauke mu a zauren Malam don mu karya. Tsakanin zauren da cikin gida akwai ɗan fili mai darbejiya, a nan makewayin baƙi yake. Na ɗauki buta na shiga. Sai ga Malam tsugune a gindin darbejiyar, ya ba ni baya. A gabansa akwai tukunyar ƙasa da aka binne har wuya a cikin yashi, yashin a jiƙe yake jagab. Yana tsoma yatsu a ɗan kwano yana yayyafa ruwa a zagayenta, bakinsa na motsi. Ya ɗage baƙin ƙyallen da ya rufe bakin tukunyar, ya zura hannu, ya fito da shatil. Ya kai shi kusa da bakinsa ya hura wa gashin iska. Ya ajiye, ya ciro wani, shi ma ya hura.

Na koma zaure da butata cike. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake cewa in an ga tukunya a binne a bayan gida. Ban tsaya tunanin wata fassara ba. Gaskiyar magana, daɗi na ji. Duk cin da ya yi mini a shekarun nan, ashe ba fina ya yi ba.

Ranar ya yi mini cin da bai taɓa yi ba. Duk lokacin da na taɓa shatil ɗin sai in ji hannuna ya yi nauyi, ina goge yatsuna a wando. Da aka tashi ya miƙo hannu, na ba shi ƙarshen yatsu na janye.

Motar da muke ɗauka haya ta wani direba ce da ke zirga-zirga tsakanin Nguru da Gashua, kuma a unguwar su Malam gidansa yake. Na san haka sarai lokacin da na buɗe baki. Ina gidan gaba, mun fita gari ke nan, ya ce, "Yau kam na'ibinmu ya wanke ka tas, Oga."

Na ce, "Ba shi ya wanke ni ba. Tukunyarsa ce."

"Wace tukunya?"

Na ba shi labari. Ban ƙara komai a kan abin da na gani ba, amma na san inda zan sassauta murya da inda zan yi shiru. Hura iskar nan, tofi na kira shi. Ɗaya daga cikin 'yan'uwana na baya ya ce, "Kai, a bar wannan maganar." Direban ya rage gudu ya dube ni.

"Mutumin da muke bi salla fa kake faɗa."

"Da idona na gani. Ni dai ban ce komai ba."

Ya yi salati, ya mayar da ido kan hanya.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai daga baya. A makon nan na hau babur na je wani ƙauye a hanyar Yusufari, wurin wani mutum da aka ce yana karya irin wannan. Ya ba ni 'yar laya kamar ƙwayar dabino. Na kwance robar da ke naɗe a mariƙin raket ɗina, wato sandar da nake buga shatil da ita, na cusa layar, na mayar da robar. Matata ta same ni ina naɗawa a tsakar gida.

"Maigida, me kake ɓoyewa a sandar wasa?"

"Kariya ce. Ba ki san mutanen da nake karawa da su ba."

Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Shi wanda kake zargin, ka ga tasa layar? Ni dai taka na gani."

Na daka mata tsawa na ce harkar maza ce. Wata na zagayowa mutanen Gashua suka zo Nguru, muka buga da busassun shatil ɗinmu, na ci Malam. Na taɓa cinsa a siton nan ba laya ba komai, amma wannan karon sai na ce ga hujja ta fito.

Wannan ne zuwansa wasa na ƙarshe. Labarin abin da ya biyo baya a bakin direban na ji shi, ya tsaya a shagona a gyara masa ƙofar mota. Ya ce liman ya tafi Machina ta'aziyya, Malam ya shiga gaba a sallar azahar, sai wasu dattawa suka ɗauki takalmansu suka tafi masallacin bakin kasuwa. La'asar sahu biyu. Magariba ko ɗaya bai cika ba. Ba wanda ya tare shi ya faɗa masa dalili, sai da ya yi kwanaki kafin wani ya tausaya ya gaya masa. Kuma maganar ta yi ƙiba a hanya. Yanzu cewa ake akwai kan baƙin zakara a tukunyar, da sunayen mutane a rubuce, har da na liman, wai kujerarsa yake nema.

Na ce, "Ni ban faɗi haka ba."

Direban ya ce, "Ai ka ga abin da ka gani."

Na ci gaba da walda. Ba zan yi ƙarya ba, a ƙarƙashin tsoron da na ji akwai wani ɗan sanyi mai daɗi.

Bayan kamar mako biyu, da hantsi, na ɗago daga aiki na ga Malam tsaye a bakin shago. Ya rame. Yana riƙe da ƙunshin bandar kifi a takarda, don bai taɓa zuwa Nguru hannu wofi ba. Muka gaisa sama-sama. Ban ba shi wurin zama ba.

Ya ce, "An ce wani baƙo ne ya ga tukunya a gidana. Baƙin da suka shiga filin nan ba su da yawa."

"Ni ban san maganar ba."

"Ban zo faɗa ba. Na kai bulama, mai unguwarmu, da dattawa har gindin bishiyar, na buɗe musu. Suka ce ai na riga na canza abin da ke ciki. Maganata ba ta da amfani yanzu. Sai wanda ya gani ya zo ya faɗi iyakar abin da ya gani."

Na shiga kankare wani ƙarfe da ba ya buƙatar kankara.

Ya ce, "Mahaifina fataucin goro ya yi. Tun ina ƙarami aikina ke nan, yayyafa wa huhun goro ruwa kada ya bushe. Da na ga gashin shatil na karyewa, sai na ce bari in gwada masa abin da ake yi wa goro. Tukunyar ba ruwa a cikinta, yashin waje ake jiƙawa, sanyin ya ratsa. Gashin ya sha danshi ya yi laushi. Hurawar kuma don ya buɗe ne. Shi ke nan."

"Bakin da ke motsi fa?"

Da na faɗi haka na san na tona kaina. Ya dube ni.

"Istigfari ne. Ko shara nake yi ina yinsa." Ya ajiye kifin a kan teburin aiki. "Ashe dai ka san maganar."

Na ce, "Gashi da ruwa? Wa ya taɓa jin an jiƙa shatil? Malam, ina da aiki." Na kunna injin yankan ƙarfe don ƙararsa ta rufe sauran. Ya tsaya kaɗan, ya juya ya tafi.

Kifin ban kai gida ba. Da filaya na ɗauki ƙunshin na jefa a kwata, don na ce wa ya san abin da aka barbaɗa. Har inda ya tsaya na share, na watsa ruwa. Mutum ya shiga mota tun daga Gashua ya zo neman in cece shi da kalma ɗaya, ni kuma ina sharar sawunsa.

Aka shafe watanni. Tafiya Gashua ta mutu, don mutanensu sun ji daga inda maganar ta fito. Na zama gwanin da ba shi da abokin karawa. Ina cin kowa a sito, ba daɗi.

Wata rana da rana, wuta ta ɗauke, ina kallon wasan zakarun nan biyu, sai wayar ta kai ni wani bidiyo da ke nuna abin da ake yi a bayan fage kafin babbar gasa. Aka nuna ɗakin ajiyar shatil, kwalaye jere, ga wata na'ura a gefe tana fitar da farin tururi. Daga nan aka nuna wani mai horarwa yana jiƙa ɗan soso, ya sa a murfin kwali ya rufe. Ya fito da shatil biyu, ya lanƙwasa gashin ɗaya ya karye, ya lanƙwasa na ɗayan ya dawo yadda yake. Ban buƙaci Turanci ba. Na mayar da bidiyon baya ya fi sau biyar, ina neman inda zan ce ba haka ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne wannan: ɗan'uwana musulmi ya tsaya a gabana ya faɗa mini, na kunna masa inji. Sai da wani baƙo da ban san ko sunansa ba ya nuna a waya sannan na yarda.

Da la'asar na sami Baba a bencinsa kafin mutane su taru. Na nuna masa bidiyon.

Ya ce, "Wannan ne sabo a wurinka? A zamaninmu bakin butar shayi muke kara wa kwalin, tururi ya ratsa. Na faɗa muku tun kuna koyon riƙe raket. Ku dai in ba sara ba, ba abin da ke shiga kunnenku."

Sai na gaya masa komai, da tukunyar, da motar, da layar, da kifin. Baba bai je Gashua ba tun da gwiwarsa ta tsananta, kuma mun ɓoye masa, mun ce Malam ba shi da lafiya ne. Ya saurara har na gama. Na zaci zai yi tsawar da ya saba, bai yi ba.

"Tashi daga bencina."

Na tashi.

"Kada ka je gidansa ka tsuguna a zaure kana kuka. Wannan kanka za ka yi wa. Inda aka daina binsa, can za ka je ka faɗa, a tsaye, kowa na ji."

Sai da na ƙara kwana tara ina neman dalilin fasawa. Har na ce wa kaina wataƙila duka biyu ne, yana jiƙawa kuma yana tofi. Irin zuciyar da nake da ita ke nan. Rana ta goma na kwance mariƙin raket na cire layar, na sa ta a aljihu, na shiga motar Gashua.

Na fara zuwa wurin liman, dattijo ne mai sanyin murya. Ya ji ni har ƙarshe, ya ce in bari sai an idar da la'asar. Masallacin ƙarami ne, mai tabarmin roba. Malam yana can sahun baya a kusurwa, inda aka ce nan yake tsayawa yanzu. Da aka sallame liman ya ce jama'a su dakata, baƙo na da magana.

Na miƙe. Na ce ni ne mutumin Nguru da ya ga tukunya. Na faɗi abin da ke cikinta, shatil ne da baƙin ƙyalle, ba zakara, ba rubutu. Na ce na ga yadda manyan 'yan wasan duniya ke sa wa nasu danshi, kuma abin da Malam ya yi ke nan da dabarar goro. Na ce haushin ya fi ni wasa ne ya sa na faɗa a gaban wanda na san zai kawo maganar nan. Sannan na fito da layar na ɗaga. Na ce a cikinmu biyu, wanda ya je neman asiri ga shi tsaye.

Direban na nan, kansa a ƙasa. Na zaci an gama. Sai wani tsoho mai jan rawani a sahun gaba ya gyara murya, bai ko dube ni ba, liman ya kalla.

"Allah gafarta Malam liman, mutum ya taso tun daga Nguru, ba wanda ya kira shi, ya zo yana tona wa kansa asiri a bainar jama'a. Wannan aikin hankali ne? Ni dai a ganina an kira shi ne. Ba da baki ba."

Wasu suka yi gunaguni, wasu suka gyaɗa kai. Da ni ne a zaune a sahun nan, irin tunanin da zan yi ke nan. Na rantse, na sake rantsewa. Tsohon ya ce, "Wancan karon ma ai da idonka ka gani." Liman ya ɗaga hannu ya ce a tashi haka.

Na zauna a waje a kan dakali har rana ta yi ƙasa. Malam ya fito ya wuce ta gabana, ya tsaya.

Na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe," da sauri, kamar mai sauke kaya. Ya ƙara da cewa, "'Yata ta fari, an fasa maganar aurenta a watan jiya. Ban ce don wannan ba ne. Ba su faɗi dalili ba." Ya tafi alwala.

Da aka kira magariba aka tada iƙama, liman ya taka zuwa gaba kamar kullum, sai ya juyo. Ya ratsa sahu har kusurwar baya, ya kamo hannun Malam. Malam ya tirje, ya ce, "A'a, Baba liman, a bar shi." Liman bai saki ba, ya jawo shi har kan shimfiɗar gaba, shi kuma ya dawo ya tsaya a bayansa daidai. Ya jawo ni ya tsayar kusa da shi.

Malam ya yi kabbara. A bayana na ji motsi, na ji ana jan takalma a bakin ƙofa. Mutum biyu ne ko biyar, ban sani ba, ba a waiwaye a salla. Muryarsa ta yi rawa a raka'ar farko har ya tsaya ya sake numfashi. A ta biyu ta daidaita.

Da aka sallame na ƙirga sahu uku da rabi. Liman ya ce kafin maganar tukunya ta ɓulla, sahu biyar ake yi. Tsohon mai jan rawani ba ya ciki, kuma har yau da nake rubutun nan a masallacin bakin kasuwa yake salla, shi da 'ya'yansa da wasu gidaje biyu. Na je gidansa sau uku. Na farko ya saurare ni, na biyu ya ce yana barci, na uku ya aiko a ce mini in daina wahalar da kaina, shi ya san ba da son raina nake zuwa ba. Ranar Juma'a mai zuwa ɗan'uwansa na Dagona zai shigo Gashua, an ce tsohon yana jin maganarsa, kuma liman ya yarda ya raka ni wurinsa.